The Day of the Jackal na 1973: kowa ya san ƙarshensa, amma har yau yana riƙe mai kallo

Janar Charles de Gaulle dai ba harsashin kowa ne ya kashe shi ba, a gidansa ya mutu a ƙauyen Colombey-les-Deux-Églises ranar 9 ga Nuwamba 1970 yana da shekara 79, bayan ma ya ajiye mulkin Faransa da kansa tun 1969. Shi kuwa wannan fim a 1973 ya fito, kenan duk wanda ya yanki tikiti ya shiga silima a lokacin ya riga ya san cewa mutumin da aka ɗauko haya ya harbe de Gaulle ba zai ci nasara ba. Mu ma da muke kallonsa shekara hamsin da ɗoriya bayan nan mun sani sarai. Amma ka kunna shi ka gani, wallahi kafin a shiga minti ashirin na ƙarshe za ka ji gabanka na dukan uku-uku, kana ta cewa a ranka kai anya kuwa ba zai same shi ba. Wannan abin shi ne ya sa nake son in yi maganar fim ɗin, da faifan Blu-ray ɗinsa na kamfanin Arrow Video wanda shi ne a hannuna, don ni a ganina kuɗin da aka kashe a kansa ba asara ba ne ko kaɗan, duk da akwai wuraren da zan yi ƙorafi a kai in mun je can.

Sai an ɗan san tarihin kafin a ji daɗin fim ɗin sosai, don shi ba ya tsayawa ya yi maka dogon bayani. Faransa ta yi yaƙi a Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, yaƙi mai muni ƙwarai da azabtarwa da kisan fararen hula. A Aljeriyar akwai Turawa 'yan kama-wuri-zauna kusan miliyan ɗaya, su da manyan hafsoshin soja da yawa sun ɗauka cewa de Gaulle da ya dawo mulki a 1958 ya zo ne ya riƙe musu ƙasar. Sai mutumin ya duba ya ga abin ba mai yiwuwa ba ne, aka sa hannu a yarjejeniyar Evian a watan Maris 1962, Aljeriya ta samu 'yancinta a watan Yuli. Waɗancan kuwa suka ce an ci amanarsu. Ƙungiyarsu ta ɓoye da ake kira OAS, wadda aka kafa tun 1961, ta sha alwashin sai ta ga bayansa. Ranar 22 ga Agusta 1962 suka yi masa kwanton ɓauna a Petit-Clamart a wajen birnin Paris, yana cikin motarsa Citroën DS tare da matarsa Yvonne za su filin jirgi, aka buɗe musu wuta da harsasai fiye da ɗari, tayoyi suka fashe, direban ya danne sitiyari ya fita da su babu wanda ya mutu a cikin motar. Wanda ya kitsa harin, Laftanar Kanar Jean Bastien-Thiry na sojan sama, an ɗaure shi an harbe ranar 11 ga Maris 1963. Duk wannan gaskiya ne ya faru, kuma da shi fim ɗin ya buɗe, an ɗauke shi kamar rahoton labarai, ga masu gadi, ga baburan rakiya, ga mutane zaune cikin mota suna jira magariba na ƙaratowa.

Daga nan ne ƙirƙira ta shigo. Sauran shugabannin OAS uku da suka gudu suka ɓuya a Vienna ta ƙasar Ostiriya sun gane cewa jami'an leƙen asirin Faransa sun cika ƙungiyarsu da 'yan rahoto, duk abin da suka shirya sai ya fita, don haka suka ce a nemo baƙo, wanda babu fayil ɗinsa a ofishin 'yan sandan Faransa. Sai ga wani Bature ɗan Ingila mai farin gashi da kwat mai kyau, fara'a a fuska, magana a hankali. Ya ce dala dubu ɗari biyar, rabi yanzu a banki a Suwizalan rabi in aiki ya kammala, domin wanda ya yi wannan aikin ba zai ƙara yin wani ba har abada. Suka ce ina za mu samu wannan kuɗi, ya ce ku fasa bankuna mana. Sunan ɓoyen da ya ɗauka shi ne Jackal, wato dila, kuma har fim ɗin ya ƙare ba za ka ji sunansa na yanka ba.

To abin da ya sa fim ɗin bai tsufa ba a wurina, aiki ake nuna maka. Aiki zalla, dalla-dalla, ba gaggawa. Kamar dai ka zauna gaban ƙwararren tela kana kallon yadda yake awo yana yanka yana haɗawa, ba ka ma san lokaci ya tafi ba. Dila ya shiga ɗakin karatu a Landan ya yi ta karanta jaridu da littattafai kan de Gaulle, ina yake zuwa, wace rana ce ba ya fashi. Yana buƙatar fasfo da wani suna, sai ka gan shi yana zagaya maƙabartar wani ƙauye yana karanta rubutun kan kaburbura har ya samu na wani yaro da aka haifa kusan lokacin da aka haife shi amma ya mutu yana ƙarami, Paul Oliver Duggan. Ya je ya karɓi takardar haihuwar yaron a ofishin gwamnati, ya cike fom ya liƙa hotonsa ya aika ta gidan waya, fasfo na gaske ya zo masa da sunan mamaci. Babu wanda ya tsaya gaban kyamara yana yi maka bayanin dabarar, kai da kanka za ka haɗa, kuma lokacin da ka gane abin da yake yi a maƙabartar nan sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Wannan ɓaraka fa da gaske take a tsarin Ingila na wancan lokacin, don ba a haɗa rajistar haihuwa da ta mutuwa, har ma ana kiran irin wannan damfarar da sunan littafin da aka ɗauko labarin fim ɗin daga ciki. Sannan ya je filin jirgi ya zare fasfon wani malamin makaranta ɗan Denmak mai suna Per Lundquist daga jakarsa, ya sayi rinin gashi da tabarau irin na mutumin ya ajiye don ranar da asirin Duggan zai tonu. Tun kafin ya fara ya shirya wa ranar da abu zai ɓaci.

Sin ɗin da na fi so a rabin farko shi ne na maƙerin bindiga a birnin Genoa na Italiya. Cyril Cusack ne ya fito a matsayin, wani dattijo mai ladabi, in ka gan shi ka ce mai gyaran agogo ne. Ya dubi zanen da Dila ya kawo masa ya fara tambaya a natse, nisan nawa ne, a kai za a harba ko a ƙirji, mutumin zai kasance a tsaye ne ko yana tafiya, harbi nawa kake sa ran za ka samu. Ko sau ɗaya bai tambayi waye za a kashe ba. Mutum biyu suna hirar ran ɗan Adam cikin ladabi da girmama juna, ba ɗaga murya ba zare ido, kuma wannan natsuwar ta fi duk wani ihu ban tsoro. Bindigar da ya ƙera siririya ce ƙwarai, ana warware ta gunduwa-gunduwa a zura cikin bututun ƙarfe, kai mai kallo ba za ka san dalilin wannan siffar ba sai can ƙarshe. Shi kuma ɗayan mutumin na Genoa, mai buga takardun jabu, kwaɗayi ya ja shi ya ce sai an ƙara masa kuɗi kafin ya mayar da asalin takardun da hotunan da ya riƙe. Dila ya yi murmushi kamar ya yarda, cikin daƙiƙa kaɗan ya gama da shi da hannu ya cusa gawar cikin akwati ya kulle. A nan ne za ka fara sanin waye ka ke bi tun ɗazu.

Sai kankana. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin nan in ka ce masa kankana ya san inda ka nufa. Ya saye ta a kasuwa ya sa a jakar raga, ya shiga daji inda babu kowa, ya zana mata ido da baki ya rataye a reshen bishiya, ya taka ƙafa yana ƙirga nisa. Ya ɗaura igiya a jikin wata bishiyar ya murɗa bakin bindigar a ciki don kar hannu ya girgiza. Ya harba, ya leƙa, ya ga harsashin ya kauce gefe, ya ciro ƙaramar sukudireba ya ɗan juya saitin madubin. Ya sake harbawa, ya sake juyawa. Sai da huda ta zauna daidai inda yake so sannan ya ciro harsashi guda daga cikin waɗanda dattijon ya yi masa na musamman masu fashewa, ya ɗana, ya harba, kankanar nan ta tarwatse gaba ɗaya sai raga tana lilo. Babu kiɗa, babu magana ko kalma ɗaya, sai kukan tsuntsaye. Ba a nuna jini ba amma ka riga ka ga abin da zai faru da kan mutum, kuma wannan hoton ne zai zauna maka a rai har lokacin da za ka ga hular de Gaulle a cikin madubin bindigar.

Maganar kiɗa ma abin a tsaya a kai ne. Georges Delerue ne ya yi sautin fim ɗin amma bayan buɗewa kusan ba ka ƙara jin kiɗan da aka ɗora don a tsorata ka, sai wanda ke cikin wurin da kansa, rediyo ko badujalar sojoji ko mai kiɗa a titi. Abin da ya maye gurbinsa agogo ne. Agogon bango, na tashar jirgin ƙasa, na ofishin minista, na hannu, kyamara ta yi ta komawa kansu. Darakta Fred Zinnemann dama ya san wannan dabara tun a High Noon na 1952, kuma mutum ne da ya ci Oscar na darakta har sau biyu, da From Here to Eternity da kuma A Man for All Seasons, don haka lokacin da ya zo yin wannan yana da shekara sittin da wani abu, ba shi da abin da zai nuna wa kowa, bai sa ado ko ɗaya da ba a buƙata ba. Edita Ralph Kemplen ya ci kyautar BAFTA da wannan aikin kuma an sa sunansa a takarar Oscar, in ka lura da yadda ake yanka sin tun kafin ka gaji da shi, daga Roma a faɗa Landan a faɗa Paris ba tare da ka ɓata ba, za ka ce ya cancanta.

Yanzu ɗaya ɓangaren, wanda ni shi ne zuciyar fim ɗin duk da an fi yawan maganar Dila. Jami'an Faransa sun sace wani mai gadin shugabannin OAS a Roma inda suka koma da ɓuya, Wolenski, suka azabtar da shi da lantarki har ya mutu, abin da suka tsinta a bakinsa kalmomi ne 'yan kaɗan ciki har da sunan Jackal. Fim ɗin bai ɓoye wannan ba kuma bai wanke gwamnati ba, an nuna ma'aikata sanye da abin sauraro a kunne suna maimaita kaset ɗin ihun mutumin suna rubuta abin da suka ji kamar kowane aikin ofis. Wani abin lura, Jean Martin da ya fito a Wolenski shi ne ya fito a Kanar Mathieu kwamandan sojan Faransa a The Battle of Algiers na 1966, kuma a rayuwarsa ta gaske yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar adawa da yaƙin Aljeriya. To da labari ya kai ga de Gaulle sai ya ce shi ba zai fasa fita ko ɗaya ba, ba zai ɓuya ba, kuma binciken a yi shi a asirce. Minista ya tara manya, janar-janar da shugabannin tsaro, aka ce waye ɗan sandan ciki mafi ƙwarewa a Faransa, aka ce Claude Lebel. Sai kyamara ta kai ka gidansa ka same shi a ɗakin tattabarunsa, matarsa na ƙwala masa kira.

Michael Lonsdale ne Lebel, kuma kai, mutumin nan ya iya wasa. Ga tumbi, ga gashin baki, ga idanu duk barci, kwat ɗinsa a yamutse, in yana gaban manyan nan sai ka ga kamar bai kai ba. Ba shi da suna, ba shi da hoto, ba shi da ƙasar mutumin da yake nema. Abin da yake da shi wayar tarho ce da mataimaki ɗaya, Caron, wanda Derek Jacobi ya fito a matsayinsa yana saurayi, da gadon tafi-da-gidanka a ofis. Ya yi ta kiran shugabannin 'yan sandan ƙasashe cikin dare ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su duba ko suna da wani makashin haya a fayil. Can a Landan 'yan sanda suka zauna da tulin takardun neman fasfo suna gwada kowane suna da rajistar mamata, da hannu, shafi-shafi, har suka faɗo kan Duggan. A Faransa kuma katin da baƙi ke cikewa a otal ake tattarawa a kan babur a kai ofis. Yau da kwamfuta ce minti biyu an gama, amma a nan kana ganin gumin da ke cikin kowane taki, kuma kullum sai su iso otal ɗin bayan mutumin ya fita da awa ɗaya ko biyu. Ba don ya fi su wayo kawai ba, akwai mai kai masa rahoto. OAS ta tura wata budurwa, Denise, wadda aka kashe saurayinta soja a Aljeriya, ta maƙale wa wani babban hafsa na fadar shugaban ƙasa da ke zama a taron, shi kuma in ya dawo gida sai ya zazzage mata komai. Yadda Lebel ya kama shi daɗi ne da shi, ya kunna kaset ɗin wayar a gaban kowa, bayan mutumin ya tashi ya fita minista ya tambaye shi ya aka yi ya san wayar wa zai saurara, ya ce bai sani ba, don haka ya saurari ta dukkansu. Fuskokin manyan nan a lokacin kaɗai sun isa kallo.

Mun saba a fim akwai akta akwai bos, ka san wanda za ka bi tun farko. Nan kuwa sai fim ɗin ya rikita maka lissafi, domin awa guda ka yi kana bin Dila kana sha'awar tsafta da tsarin aikinsa, in ya zo bodar Faransa jami'an kwastan na zazzage jakunkunansa, bindigar kuma tana ɓoye a ƙarƙashin farar motarsa Alfa Romeo, sai ka ji kana so ya wuce. Zinnemann ya san haka, shi ya sa ya ƙi ɗaukar fitaccen tauraro duk da an so ya yi hakan, ya ɗauko Edward Fox da ya gani a The Go-Between wanda a lokacin ba kowa ya san fuskarsa ba, mutumin da zai iya shiga taro ya ɓace. Amma bai bar ka ka ci gaba da sonsa a banza ba. Akwai wurin da ya buga waya aka gaya masa asiri ya tonu, ya zo mararrabar hanya, ɗaya ta koma Italiya ɗaya ta nufi Paris, ya tsaya jim kaɗan, rabin kuɗin na banki zai iya juyawa ya tafi abinsa, sai ya karya kan motar ya nufi Paris. Daga nan duk wanda ya taimake shi sai ya mutu. Colette, matar auren da ya haɗu da ita a otal ya ɓuya a gidanta, wadda Delphine Seyrig ta fito a matsayinta, ya kashe ta a kan gado shiru ba ko ƙara. Mutumin da ya ba shi masauki a Paris ya ga hotonsa a talabijin, shi ma ya tafi. Ba fushi ba ƙiyayya, kawai sun zama matsala ne. Ni a nan sha'awar ta koma tsoro, kuma ina ganin daraktan da ya rasa iyayensa biyu a kisan kiyashin 'yan Nazi ba zai taɓa yarda ya mai da mai kisa abin so ba, ya bar ka ne ka bi shi har ka ga inda irin wannan sanyin zuciyar ke kaiwa.

Wanda bai kalla ba ya tsallake wannan sakin layin in yana so, ko da yake kamar yadda na ce tarihi ya riga ya faɗi sakamakon. Lebel ya gano ranar, 25 ga Agusta, ranar tunawa da 'yantar da Paris daga hannun Jamus a 1944, ranar da babu mai iya hana de Gaulle fita. An cika gari da 'yan sanda, an toshe tituna, ana duba kowa. Sai ga wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya, fuska ta yi toka-toka, lambobin yabo a ƙirji, yana dogara sandar guragu, ya nuna wa wani matashin ɗan sanda takardunsa ya ce gida zai shiga, yaron ya tausaya ya buɗe masa. Ƙafar a naɗe take a baya da ɗamara, sandar kuma ita ce bindigar, a nan ne siffar da dattijon Genoa ya ƙera ta yi ma'ana. Ya hau bene ya haɗa ta a kan tebur nesa kaɗan da taga, de Gaulle na tsaye a fili yana liƙa wa tsofaffin sojoji lamba, ya saita, ya harba, daidai lokacin dogon mutumin ya sunkuya ya sumbaci kumatun sojan da ke gabansa irin na al'adar Faransawa, harsashin ya wuce ya daki ƙasa. Duk wannan shirin na watanni, abu ɗaya da ɗan Ingila bai sa a lissafi ba shi ne ya kayar da shi. Kafin ya sake ɗanawa Lebel da yaron nan sun hau benen suna haki, ya harbe yaron, Lebel ya ɗauki bindigar yaron ya gama da shi. An yi amfani da hotunan faretin gaske da taron jama'a na gaske a Paris wajen haɗa wannan ɓangaren, shi ya sa ba ya kama da shiri. Kuma mutumin da 'yan sandan Ingila suka yi ta zargi, Charles Calthrop, sai ga shi ya dawo gidansa da ransa yana tambayar me ake yi masa a ɗaki. Kenan ba a san waye aka binne ba.

Ƙorafina kuwa ga su. Na farko wanda ya fi damuna, fim ne da duk tushensa Aljeriya amma babu ɗan Aljeriya ko ɗaya da ya buɗe baki a ciki, mutanen da aka yi shekara kusan takwas ana kashewa sun zama dalilin rigimar Turawa da Turawa kawai. Na san ba labarin da aka zo bayarwa kenan ba, amma rashin yana nan kuma ana jin sa. Na biyu matan fim ɗin, Denise da Colette, kayan aiki ne kawai a hannun maza, ita Denise ma akwai sin mai taɓa zuciya inda aka ƙona hoton saurayinta da wasiƙunsa a gabanta don kar a gano ta, amma daga nan ba a ƙara komawa cikin ranta ba. Sannan kowa Turanci yake yi, ministocin Faransa da 'yan wasan Ingila suka fito a matsayinsu suna magana kamar 'yan Landan, su kuma 'yan wasan Faransa da nasu karin harshen, a farko sai ka rasa wa ke wace ƙasa. Masu lura da motoci kuma za su ga na shekarun 1970 suna wucewa a titi alhali labarin 1963 ne, haka askin wasu mazan. Akwai kuma 'yan wuraren tsiraici da kwanciya, ba su da yawa amma ba fim ne na kallo da yara ba. Tsawonsa ya haura awa biyu da minti ashirin, wanda ya saba da a fara harbi tun minti na biyar a ci gaba har ƙarshe zai iya cewa rabin farko ya yi sanyi, ni dai ban ga minti ɗaya da zan cire ba.

Littafin da aka ɗauko labarin na Frederick Forsyth ne, ya fito a 1971. Ɗan jarida ne da ya yi wa Reuters aiki a Paris daidai lokacin da OAS ke farautar de Gaulle, daga baya ya ɗauko rahoton yaƙin Biyafara, ya koma Landan ba aiki ba kuɗi ya zauna ya rubuta shi cikin kwana 35, kuma kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓa da hujjar wa zai sayi labarin da an san ƙarshensa. Ya mutu a 2025. Sunan ya yi tasirin da har ɗan ta'addan nan na Benezuwela, Ilich Ramírez Sánchez, aka laƙaba masa Carlos the Jackal bayan wani ɗan jarida ya ga kwafin littafin a gidan da aka samu kayansa a Landan. An sake yin fim ɗin a 1997 da Bruce Willis da Richard Gere, aka kai labarin Amurka aka ba makashin wata ƙatuwar bindiga mai aiki da rimot, Zinnemann da kansa ya yi tsayin daka kar a sa masa cikakken sunan nasa, shi ya sa aka kira shi The Jackal kawai. Na 2024 mai dogon zango da Eddie Redmayne ya fi wancan nesa ba kusa ba, yana da kyau a ido, amma sun ba Dila mata da ɗa da gida a Sifen da damuwar zuciya, to da zarar ka san abin da ke sa shi kuka ai ya zama mutum irin kowa, abin tsoron na 1973 kuwa shi ne ba ka san komai a kansa ba sai aikin hannunsa.

Shi faifan kansa, hoton ya fita tas idan aka gwada da tsofaffin kwafin da ke yawo a intanet masu dishi-dishi, ana iya karanta rubutun kan fasfo da katin otal da allunan hanya, wanda a wannan fim ɗin ba ƙaramin abu ba ne tunda rabin labarin a rubuce yake a kan takardu. Ba su goge ɗan yashi-yashin fim na zamanin ba, launin ya zauna yadda yake, ba a ƙara masa ƙyalli ba. Sautin na asali ne ba mai zagaye ɗaki ba, kar ka sa ran jin bango na girgiza, amma magana na fita sosai. Ka kunna rubutun ƙasa ko da kana jin Turanci, saboda sunayen Faransawa da muƙamansu suna da yawa kuma ana faɗinsu da sauri a taron minista. Akwai hira da Neil Sinyard wanda ya rubuta littafi kan finafinan Zinnemann, ita ma ta cancanci a saurara amma bayan an gama kallo. Ƙarin kayan da ke ciki ba su da yawa, na so a ce an samu doguwar hira da Edward Fox ko wani bayani kan ainihin harin Petit-Clamart don wanda bai san tarihin ba. In za ka kalla ka nemi lokacin da ba za a yi ta katse ka ba, ka ajiye waya gefe, don sin ɗin da ka ɗauke ido na minti ɗaya a farko, kamar inda yake ɗaukar zanen makullin wani gida a Paris ko inda yake sayen tsohuwar kwat ɗin soja da lambobi a kasuwar gwanjo, shi ne za a biya ka da shi bayan awa biyu.